Lacca kan Iskar Tayar Mota

Assalamu alaikum, 'yan uwa direbobi. Idan bazara ta shigo, sai ka ga mai shirin kama hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ce wa mai faci ya rage masa iska, wai kada zafin kwalta ya fasa taya. To, ragewar nan ita ce ke fasa ta. Tayar da iskarta ta yi ƙasa lotsewa take yi, gefenta na lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi. Wannan ke tara zafi a cikin robar, har wayoyin ciki su saki. Ga lodi, ga gudu, sai dai a ji tau! Kafin nan ma ta sha maka mai, gefe da gefenta sun cinye.

Nawa za a sa? Buɗe ƙofar direba, akwai sitika a jikin ƙarfen da ƙofar ke kamawa. Wasu motocin kuma a bayan murfin tankin mai. Yawancin ƙananan motoci PSI (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 30 zuwa 35 ne, kuma sau da yawa akwai awon iskar mota cike da kaya daban. Ita 44 ko 51 da ke rubuce a gefen taya iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba ita ake ɗurawa ba. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya ke cinyewa, birki ba ya kamawa sosai, ramin hanya kuma ya fi yi mata illa.

Awo da safe ake yi, ko bayan mota ta huta awa 3. In ka sha tafiya, geji zai nuna ƙarin 3 ko 4. Wannan ba laifi ba ne, kada ka sace ta. Lafiyayyar taya ma tana rasa PSI 1 zuwa 2 a wata, sanyin hunturu kuma yana ƙara rage ta, saboda haka a duba duk wata. Shurin taya da ƙafa kuwa, malam, ba awo ba ne. Sayi geji naka, don na bakin titi ya sha faɗuwa.

In iska na yawan sauka, shafa ruwan sabulu a bakin bawul. Kumfa na tashi, to ta nan iskar ke fita. A mayar da murfinsa saboda ƙura. Safaya ma a auna ta: siririyar nan ta wucin gadi yawanci 60 take so.