Sunan tauraro da alƙalamin mai sharhi: wa ke sayar da tikiti a Broadway?

A ƙarshen watan Fabrairu na 2025 aka fara nuna Othello, wasan da William Shakespeare ya rubuta fiye da shekaru 400 da suka wuce, a gidan wasan Ethel Barrymore da ke Broadway, cibiyar wasan kwaikwayon dandamali ta birnin New York. Masu karatunmu da suka zana jarrabawar adabin Turanci ta WAEC tsakanin 2016 da 2020 za su tuna da labarin, domin yana cikin littattafan da aka wajabta musu a wancan lokaci. Tauraron finafinan Amurka Denzel Washington ne ya fito a matsayin Othello, takwaransa Jake Gyllenhaal kuma ya fito a matsayin Iago, makirin da ya shiga tsakanin Othello da matarsa. Kujera mafi tsada ta kai dala 921, kuma tun kafin a buɗe wasan a hukumance ranar 23 ga Maris, an yi makon da cinikin tikiti ya kai dala miliyan 2.8, abin da babu wani wasan da ba na waƙe-waƙe ba da ya taɓa samu a Broadway kafin nan.

Da masu sharhi na jaridu suka fitar da hukuncinsu, yawancinsu ba su yaba ba. Wasu sun ce tsarin da darakta Kenny Leon ya yi wa wasan ba shi da alƙibla, wasu kuma sun fi yaba wa Gyllenhaal a kan Washington. Da aka fitar da sunayen masu takarar lambar Tony, wadda ita ce babbar lambar yabo ta Broadway, Othello bai samu gurbi ko ɗaya ba. Duk da haka zauren bai daina cika ba har ranar da aka rufe a watan Yuni, kuma waɗanda suka zuba jari sun mayar da uwar kuɗinsu. Wanda ya tsaya a nan zai iya yanke hukuncin cewa masu sharhi ba su da sauran tasiri, amma lamarin ya fi haka zurfi, kuma mabuɗinsa shi ne lokaci: yaushe ake sayen tikiti, yaushe kuma sharhi yake fitowa.

Babban tauraron fim ba ya iya ba dandamali shekara guda, saboda akwai finafinan da ke jiransa, waɗanda kuma suka fi dandamali kawo masa kuɗi nesa ba kusa ba. Saboda haka irin wannan wasa ana tsara shi ne na taƙaitaccen lokaci, galibi mako 12 zuwa 16. A al'adar Broadway ana yin wasa sau 8 a mako, gidan Barrymore kuma kujerunsa sun ɗan haura 1,000, don haka a mako 15 kujerun da za a sayar gaba ɗaya ba su wuce kimanin 120,000 ba. Wannan adadi ƙanƙani ne idan aka kwatanta shi da yawan masoyan Denzel Washington a New York kaɗai, balle a haɗa da baƙi 'yan yawon buɗe ido, waɗanda su ne mafi rinjayen masu kallon Broadway. Ana buɗe sayar da tikitin watanni kafin a hau dandamali. Daga nan sai a yi makonni ana wasannin share fage, inda jama'a ke biyan kuɗi su kalla yayin da darakta yake ci gaba da gyare-gyare, masu sharhi kuma, bisa yarjejeniyar da aka daɗe ana bi, ba sa buga komai sai daren buɗewa. Ma'ana, a lokacin da mai sharhi ya buɗe baki, kuɗin sun riga sun shiga asusu, kuma tikitin gidan wasa a ƙa'ida ba a mayar da shi don kawai jarida ta ce wasan bai yi armashi ba.

Landan ta ga irin wannan a 2015, lokacin da tauraron fim Benedict Cumberbatch ya fito a Hamlet, wani wasan Shakespeare, a gidan wasan Barbican. Tikitin ya ƙare tun shekara guda kafin a fara. Abin ya kai ga wasu jaridu, ciki har da The Times, sun karya yarjejeniyar jira, suka tura wakilansu wasan share fage na farko suka buga sharhi washegari, lamarin da ya jawo musu suka daga mutanen harkar. Sai dai idan aka duba da kyau, jaridun sun gane wani abu ne na gaskiya: jira har daren buɗewa ba zai amfani mai saye ba tunda babu abin da ya rage a saya, kuma labarin ya riga ya zama na gaggawa. Haka kuma aka gani a 2024 da Tom Holland ya fito a Romeo and Juliet a gidan Duke of York's, inda tikiti ya ƙare cikin sa'o'i kaɗan, sharhin da ya biyo baya kuma ya rabu gida biyu ba tare da ya canza komai a cinikin ba.

Akwai ma lokacin da suka ta zama talla. A 1980 tauraron fim Peter O'Toole ya fito a Macbeth na Shakespeare a gidan Old Vic na Landan, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, 'yan kallo suna dariya a wuraren da aka tsara don tada tsikar jiki, har shugaban kamfanin wasan, Timothy West, ya fito fili ya nesanta kansa da aikin. Sakamakon shi ne jama'a sun yi tururuwa, domin kowa yana son ya ga abin da ya sa jaridu suka fusata haka. Wannan ba abin koyi ba ne, kuma babu furodusan da zai gina lissafinsa a kai, amma yana nuna cewa mai sayen tikitin tauraro sau da yawa ba ingancin wasan yake saye ba. Abin da yake biya shi ne damar zama a ɗaki ɗaya da mutumin da bai taɓa gani ba sai a allo, kuma mai sharhi ba shi da hanyar rage darajar wannan dama.

Inda alƙalami yake cizo shi ne inda sunan tauraro bai isa ya cika zauren tun da farko ba. Kelsey Grammer sanannen jarumin barkwanci ne a talabijin ɗin Amurka, amma da ya kawo Macbeth Broadway a shekarar 2000, masu sharhi suka kushe shi, aka rufe wasan bayan an nuna shi sau 13 kacal da buɗewa. Masoyansa sun san shi ne da ban dariya, ba su yi rububin sayen tikiti don ganinsa yana kisan kai a dandamali ba, waɗanda kuma suke son Shakespeare su ne ainihin mutanen da ke jiran hukuncin jarida kafin su fitar da kuɗi. A 2013 Orlando Bloom ya fito a Romeo and Juliet tare da Condola Rashad, sharhi ya zo tsaka-tsaki, aka rufe wasan a watan Disamba, kimanin wata guda kafin ranar da aka tsara.

Misalin Glenda Jackson ya fi waɗannan ban mamaki. Mace ce mai lambar Oscar guda 2, wadda ta ci lambar Tony a 2018, kuma a 2019, tana da shekaru 82, ta fito a matsayin Sarki Lear a wasan King Lear na Shakespeare a Broadway. Ita kanta ta samu yabo daga masu sharhi da dama, amma tsarin darakta Sam Gold ya sha suka, kuma aka rufe wasan makonni 4 kafin lokacinsa. Girmamawar da ake yi wa Jackson ta masana ce da tsofaffin 'yan kallo, wato rukunin da ke karanta sharhi da gaske yana kuma aiki da shi. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi dacewa: ƙarfin mai sharhi daidai yake da yawan kujerun da ba a sayar ba a daren buɗewa, da kuma yawan masu karanta jarida a cikin masoyan tauraron.

Ko a inda zaure yake cika, akwai wurin da sharhi yake taɓawa wanda ido ba ya gani da sauri, wato farashi. Tun 2001, lokacin da masu shirya wasan The Producers suka fara ware wasu kujeru suna sayar da su dala 480 don su ƙwace ribar da 'yan bumburutu ke ci, Broadway ta koma tsarin da farashi yake hawa da sauka gwargwadon buƙata, kamar yadda ake yi da tikitin jirgin sama. Idan sharhi ya yi kyau, furodusa zai iya ƙara yawan kujerun masu tsada a makonnin da suka rage. Idan ya yi muni, sai kujerun da aka yi niyyar sayarwa da tsada su koma farashin yau da kullum, wasu ma su gangara rumfar TKTS da ke dandalin Times Square, inda tun 1973 ake sayar da tikitin ranar da rangwamen da kan kai rabin kuɗi. Shi ya sa masu bin alƙaluman da ƙungiyar furodusoshi da masu gidajen wasa ta Broadway League take fitarwa kowane mako ba sa tsayawa a kan yawan kujerun da suka cika, sai sun duba matsakaicin abin da aka biya a kan kowace kujera. Zaure biyu za su iya cika maƙil a dare ɗaya, ɗaya yana cin riba, ɗaya yana ƙoƙarin biyan albashi da hayar gida. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne a kasuwar da aka daɗe ana cewa wasa ɗaya ne cikin huɗu ko biyar yake mayar da jarinsa.

Halayen furodusoshi su ma shaida ne cewa ba su ɗauki masu sharhi a matsayin banza ba. A 2012, lokacin da Al Pacino ya fito a Glengarry Glen Ross na David Mamet, an ɗage ranar buɗewa daga watan Nuwamba zuwa Disamba. Masu shirin sun danganta jinkirin da guguwar Sandy da ta afka wa New York, amma 'yan jarida da yawa sun lura cewa ɗagewar ta ba wasan ƙarin makonni na sayar da tikiti mai tsada ba tare da wani ya yanke masa hukunci ba. A Othello na 2025 kuwa, bayan mai sharhi na jaridar New York Post, Johnny Oleksinski, ya soki tsadar tikitin, sai aka janye gayyatar da aka yi masa, jaridar ta sayi tikiti ya je ya kalla ya rubuta abin da ya gani. Wanda ba ya tsoron alƙalami ba zai wahalar da kansa da irin waɗannan dabaru ba. Tsoron kuma tsoho ne: a 1961 furodusa David Merrick ya nemo mutane 7 masu suna iri ɗaya da manyan masu sharhi na New York, ya ciyar da su, ya nuna musu wasansa, sannan ya buga yabonsu a tallan jarida.

Gaskiya ne cewa zamanin da murya ɗaya take iya rufe wasa ya wuce. Frank Rich, wanda ya riƙe muƙamin babban mai sharhi na The New York Times daga 1980 zuwa 1993, har laƙabin mahaucin Broadway aka yi masa saboda yadda ake ganin hukuncinsa yana yanka. A yau jaridu sun rage masu sharhi na dindindin, mai saye kuma yana jin ra'ayin waɗanda suka kalli wasannin share fage a Reddit da TikTok makonni kafin jarida ta ce uffan. Abin da ya rage a hannun masu sharhi shi ne abin da ke biyo bayan makonnin farko. Su ne suke share fagen muhawarar da masu zaɓen lambar Tony suke shiga, yabonsu ne ake liƙawa a ƙofar gidan wasa, kuma shi ne furodusa yake nuna wa tauraro idan yana roƙonsa ya ƙara makonni ko ya yarda a kai wasan Landan.

Tarihin Denzel Washington kansa ya nuna fuskokin biyu. A 2005 ya fito a matsayin Brutus a Julius Caesar, sharhi bai yi daɗi ba, jama'a suka cika zaure, wasan ya kammala wa'adinsa aka wuce wurin. A 2010 ya fito a Fences na August Wilson tare da Viola Davis, a ƙarƙashin wannan darakta Kenny Leon, kuma a wannan karon yabo da ciniki suka haɗu. Shi da Davis duk sun ci lambar Tony, wasan ya ci lambar tsohon wasan da aka fi iya farfaɗowa, sannan a 2016 Washington ya ba da umarnin fim ɗin Fences da yawancin manyan 'yan wasan da suka yi dandamali tare da shi, rawar da Viola Davis ta sake takawa a fim ɗin kuma ita ce ta kawo mata lambar Oscar a 2017.