Majami'ar 'yan Furotesta: daga Torgau zuwa Damagaram

Jama'a, barkanmu da war haka. In kana yawo cikin Damagaram da safiyar Lahadi, ka baro Birni da fadar Sarki ka nufi sababbin unguwanni, kana iya jin ganga da waƙar Hausa na fitowa daga wani gini mai rufin kwano. Ba don gicciyen da ke bisa ƙofa ba, sai ka ɗauka ajin makaranta ne ko sito. Majami'ar 'yan Furotesta ke nan. Wani zai ce rashin kuɗi ne ya hana su ƙawata ta. Akwai wannan, amma ba nan gizo ke saƙar ba.

Ku saurari yadda Kiristocin Hausawa ke magana. Ginin sukan ce da shi majami'a, wato inda ake taruwa. Mutanen da suka taru kuwa su ne ikilisiya. A wurin ɗan Furotesta, tsarkin yana ga taron da kuma Kalmar da ake karantawa, ba a jikin bango yake ba.

Ɗarikar Furotesta ta faro ne a Jamus a 1517, lokacin da Martin Luta ya ƙalubalanci Cocin Katolika. 'Yan Furotesta na farko ba su gina komai ba, tsofaffin majami'un garuruwansu suka gada, sai suka shiga gyara. A birnin Zurik na Suwizalan, a 1524, an kwashe siffofi da zane-zanen waliyyai, aka shafe bango da farar ƙasa. A Holan kuwa, a 1566, da guduma aka bi su.

Ga matsalar tsohon gini: an yi shi dogo, bagade, wato teburin sujada, can ƙurya, firist yana addu'a da Latin, jama'a na hange daga nesa. Su kuma 'yan Furotesta wa'azi ne ginshiƙin sujadarsu, kuma da harshen da kowa ke ji. To ina amfanin wa'azin da na baya bai ji ba, a zamanin da babu lasifika? Shi ya sa ɗakin sujadar da Luta ya buɗe da kansa a garin Torgau na Jamus a 1544 aka kafa mumbarinsa a tsakiyar dogon bango, aka zagaye ɗakin da benaye don kunne ya matso kusa da baki. Bencina suka yawaita, domin wa'azi ya yi tsawo. Har agogon yashi ake ajiyewa a gefen mumbari a wurare da yawa, kada mai wa'azi ya zarce. Ashe ƙorafin doguwar huɗuba ba mu kaɗai muka san shi ba.

Ginin da ya fi burge ni yana ƙasar Polan ta yau. Bayan sulhun 1648 da ya kawo ƙarshen yaƙin shekara 30, sarkin daular da ke mulkin yankin, ɗan Katolika, ya yarje wa mabiya Luta su gina majami'u 3 a yankin Silesiya, amma da sharuɗɗa masu tsauri: a bayan ganuwa, da katako da laka da ciyawa kawai, babu hasumiya, kuma a gama cikin shekara 1. Biyu na nan tsaye har yau, ta garin Shwidnitsa tana ɗaukar mutum kusan 7,500. Maginan Birni ba za su yi mamaki ba, sun san abin da laka ke iyawa in ta samu kulawa.

Tun da ginin wurin taro ne, juya shi zuwa wani aiki bai cika yi musu nauyi ba. A 1848, majalisar dokokin Jamus ta farko da aka zaɓa ta zauna ne cikin majami'ar Bulus ta Frankfurt. Da masu zuwa sujada suka ragu a Turai, wasu gine-ginen suka koma ɗakin karatu, gidan haya, ko zauren kiɗa. A Hambug, wata majami'ar mabiya Luta da aka gina a 1961 ta zama masallaci a 2018.

Sai wani gini a titin Brick Lane na Landan. 'Yan Furotestan Faransa da suka gudo daga tsanantawa ne suka gina shi a 1743. A 1819 ya koma hannun 'yan Metodis, wani reshen Furotesta. Ƙarshen ƙarni na 19 Yahudawa suka mai da shi wurin ibadarsu. Tun 1976 masallaci ne, galibin masu sallarsa 'yan asalin Bangaladash. Duk baƙin da suka cika unguwar, su ke gadon ginin.

Mu dawo gida. 'Yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission), wata ƙungiyar 'yan Furotesta, sun fara aikinsu na Nijar a nan Damagaram a 1924, lokacin nan garin shi ne babban birnin mulkin mallaka, kafin a koma Yamai a 1926. Ba su samu mabiya da yawa a nan ba, ƙarfin aikin ya karkata Tsibiri da Maradi, sannan asibitin Galmi a 1950. Ƙaramar ikilisiya kuwa ba ta da halin barin ɗaki a kulle kwana 6. A nan ake koyon karatu, a nan matan zumunta ke gwajin waƙa, a nan ake ɗaurin aure.

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, a zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, an ƙona majami'u a Damagaram, washegari wutar ta kai Yamai, an kuma rasa rayuka. Akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. A makonnin da suka biyo baya, wasu ikilisiyoyin a tsakar gida suka yi sujada, wasu a ƙarƙashin rumfa, wasu kuma cikin bangon da ya yi baƙi da hayaƙi, kafin a tara kuɗin kwano da bencina.