Dawakai 435 ba su ishe ni ba: yadda na zaɓi garejin da ya yi wa motata saiti a Houston

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau Asabar ce, ƙarfe bakwai na safe bai cika ba a nan Houston ta jihar Texas, kuma kamar yadda kuke gani ina tsaye ne a bakin garejin da motata ta kwana tara a cikinsa. Da gangan na yi sammako, domin a watan Agusta idan rana ta ɗaga a garin nan, zafi da gumi sukan haɗu su hana mutum sakat, kuma za ku ji nan gaba cewa shi kansa zafin yana da hannu a cikin aikin da aka yi wa motar.

Ga waɗanda yau ne suka fara kallo, motar Ford Mustang GT ce ƙirar 2016, mai inji silinda takwas lita 5 wanda kamfanin Ford ya laƙaba wa suna Coyote, da giyar hannu mai hawa shida. A takarda tana da ƙarfin dawakai 435. Irin waɗannan motoci su ne Amurkawa ke yi wa kirari da masu ƙwanji, wato a ɗauki ƙaton inji a ɗora wa mota mai ƙofa biyu wadda ma'aikaci zai iya tara kuɗi ya saya, kuma akasari ana danganta farkon al'adar da Pontiac GTO ta 1964, shekarar da ita ma Mustang ta fito. Dattawan harkar har gobe suna musu a kan ko Mustang ta cancanci shiga wannan sahu, amma wannan gardama tasu ce, ni dai na saya ne ina sane da abin da na saya.

Abu na farko da ya sanyaya mini jiki shi ne ranar da aka fara ɗora ta a kan daino, wato na'urar awon ƙarfin mota. Lambar da ta fito 384 ce, ba 435 ba. Na ɗauka an cuce ni wajen saye, sai aka fahimtar da ni cewa kamfani yana auna ƙarfin ne a bakin inji, ita kuwa daino a taya take aunawa, bayan giyabos da farfela da aksil kowa ya ci rabonsa. Saboda haka duk wanda ya ce muku motarsa tana da dawakai kaza, ku fara tambayarsa ko a inji yake nufi ko a taya, domin a tsakanin biyun akwai dawakai hamsin ko fiye da suke ɓacewa, kuma a wannan tazara ce masu cika baki suke fakewa.

Na fara kamar yadda kowa ke farawa, na canza salansa, na canza bututun shan iska. Ƙara ta ƙaru har maƙwabcina ya daina amsa gaisuwata da fara'a, amma ƙarfin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Dalili kuwa shi ne inji wuta yake hurawa, wuta kuma ba ta ci sai da iska, kuma iyakar iskar da inji zai iya zuƙa da kansa ita ce iyakar fetur ɗin da zai iya ƙonawa. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda zugazugi ke mayar da gawayi ja wur ya riga ya fahimci abin da ake kira sufacaja. Zugazugi ne na ƙarfe wanda bel ɗin inji ke juyawa, yana cusa iska da ƙarfin tsiya a cikin silinda. Akwai irin na Whipple da na Roush masu zama a saman inji, waɗanda ke ba da ƙarfi tun daga lokacin da ƙafa ta taɓa totur, akwai kuma irin na ProCharger mai kama da turbo, wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa gwargwadon yadda inji ke ƙara juyi. Na zaɓi mai zama a sama, saboda yawancin tuƙina a cikin gari ne da babban titin I-10, ba a filin tsere ba.

Sayen kayan bai ba ni wahala ba, domin kuɗi ne kawai. Inda aikin yake shi ne wanda zai shiga cikin kwamfutar injin, wadda kanikawanmu na gida ke kira birenbos, ya sake rubuta mata yawan fetur ɗin da za ta riƙa fesawa da kuma daidai lokacin da fulogi zai kyasta wuta. Injin nan tun daga kamfani yana matse iska da fetur ninki 11, wanda ya riga ya yi yawa ga injin da za a ƙara cusa wa iska. Idan fetur ya yi kaɗan, ko wuta ta kama kafin lokacinta, sai abin da ke cikin silinda ya fashe maimakon ya ƙone a hankali, kuma 'yan daƙiƙoƙi kaɗan na irin wannan bugu sun isa su fasa fistin. Wato lambobin da wani zai buga a kwamfutarsa cikin rabin awa su ne za su yanke hukunci a kan injin da ya fi kuɗin hayar gidana na watanni da yawa.

Gareji uku na zagaya, kuma ba zan ambaci sunan ko ɗaya ba. Na farko yana da kyan gani, fitilu ko'ina, motoci masu sheƙi a jere, ga dubban mabiya a Instagram. Matashin da ya tarbe ni ko bonet bai buɗe ba ya ce zai ba ni dawakai 700 a taya cikin kwana biyu. Bai tambaye ni mil nawa motar ta yi ba, bai tambayi irin man da nake sha ba. Daga nan ya rage murya ya ce idan ina so za su cire abin tace hayaƙin nan na cikin salansa, wanda a Najeriya ake kira indomie, su kuma rufe wa kwamfuta baki don kada fitilar gargaɗi ta kama. A nan na san zamana ya ƙare. Cire wannan abu daga motar da ke hawa titi laifi ne a dokar tsaftar iska ta tarayyar Amurka, kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, ta sha cin tarar garejin da ke yin haka. Ban da wannan, ko da yake Texas ta soke binciken lafiyar motocin gida daga farkon 2025, gundumar Harris da Houston ke ciki tana daga cikin waɗanda har yanzu ake gwada hayaƙin mota kowace shekara kafin a sabunta rajista. Wanda ya fara hulɗa da kai da tayin karya doka, ba na jin zai ji nauyin karya maka inji.

Na biyu ba laifinsu. Su haɗa kaya kawai suke yi, saitin kuma wani ƙwararre ne a wata jiha yake aiko da shi ta intanet, kai kuma ka tuƙa motar ka naɗi bayanan inji ka mayar masa ya gyara. Mutane da yawa suna bin wannan hanya kuma suna jin daɗinta, amma ni na yi tunanin ranar da matsala za ta taso, mai haɗi ya ce laifin mai saiti ne, mai saiti ya ce laifin mai haɗi ne, ni kuma ina tsakiya da mota a kan jak.

Wannan da nake tsaye a gabansa shi ne na uku, kuma wani ɗan'uwa da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ne ya kwatanta mini shi. Mai wurin dattijo ne mai furfura wanda ba ya son kyamara, don haka hannunsa kawai za ku gani. Ranar da na fara zuwa, kusan minti arba'in ya yi yana yi mini tambayoyi kafin a ambaci kuɗi. Ita ce motar da kake zuwa aiki da ita? Kana da wata idan wannan ta kwanta? A wane gidan mai kake shan mai? Wa ke tuƙa ta ban da kai? Da na ce ina son 700, sai ya yi murmushi ya ce zai iya nuna mini 700 sau ɗaya a kan allo in ɗauki hoto, amma ba zai sallame ni da ita in shiga cunkoson Houston a tsakiyar zafi ba. Ya ce a kan fetur mai lamba 93, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da bugu ba, da kayan cikin inji na asali, shi a wajen 600 yake tsayawa. Raina bai so ba a lokacin, sai dai na tuna kawuna da ya yi shekaru yana kanikanci a Kano, wanda idan an kawo masa mota yakan kasa kunne ya saurari injin tukuna kafin ya saurari mai motar.

Kafin ya karɓi ko sisi na kayan, sai da ya cire fulogai takwas ɗin ya auna matsin kowace silinda, sannan ya cusa musu iska ya ga ko akwai mai yoyo, domin a cewarsa ƙara wa inji mai ciwo ƙarfi gaggauta masa ajali ne. Ya kuma kawo wasu abubuwa da ba sa cikin lissafina. Akwai haƙoran famfon baƙin mai, waɗanda masu irin wannan inji suka san sukan iya tarwatsewa idan ƙarfi da juyi suka yi yawa, kuma da zarar sun tarwatse mai ya daina zagayawa, injin ya tafi ke nan. Ya ce a canza su da na tataccen ƙarfe tun da za a buɗe gaban injin. Akwai manyan nozul masu fesa fetur, akwai fulogai masu jure zafi, akwai kuma kuloci, wanda ya ce na asalin ba zai daɗe yana riƙe wannan ƙarfi ba. Kowane abu ya rubuta shi a takarda da farashinsa da kuɗin aikinsa daban. Jimillar ta zarce kuɗin da garejin farko ya faɗa mini nesa ba kusa ba, har sai da na ƙara wata uku ina tari, uwargida kuma ta yi mini kallon da ba sai an fassara ba. Araha dai ba ta ado. Na kuma kira kamfanin inshorata na sanar da su canjin, saboda ɓoye irin wannan yakan zama hujjar ƙin biya ranar da tsautsayi ya faɗa.

To, bari mu shiga ciki ku gani. Ga ta can an ɗora tayoyin baya a kan gangar ƙarfe, an ɗaure ta da manyan ɗamaru huɗu, biyu gaba biyu baya, an kuma kafa mata ƙatuwar fanka a gaban lagireto. Ku lura da wayar da ta fito ta tagar direba zuwa kwamfutar da ke kan cinyarsa. Yanzu zai sa giya ta huɗu, ya bar ta ta yi ƙasa-ƙasa, sannan ya take totur har ƙasa. Ku rage ƙarar wayoyinku. Wannan kukan siriri da kuke ji a saman rurin injin, shi ne sufacajan. Kun ga yadda bayan motar ya tsuguna, ɗamarun suka miƙe kamar za su tsinke. Duka-duka bai fi daƙiƙa goma ba, amma tafin hannuna ya jiƙe.

Abin da ya burge ni shi ne bai ko ɗaga kai ya dubi lambar ba. Layukan da ke kan kwamfutarsa yake bi da yatsa: wannan na yawan fetur a cikin iska, wannan na zafin iskar da ke shiga, wannan kuma na na'urar da ke jiyo bugu a cikin silinda. Ya nuna mini wani ɗan wuri kusa da ƙarshen juyi inda kwamfutar motar ta ja da baya kaɗan don kare kanta, ya ce bai gamsu ba, zai rage. Ya kuma ƙi barin motar ta huce kafin gwaji na gaba, ya maimaita sau uku a jere, domin iskar da aka matse zafi take yi, iska mai zafi kuma ita ce abokiyar bugu, kuma motar da ta yi kyau da sanyin safiya ba lallai ta tsira ba bayan ta yi awa guda a cunkoso. Lambar ƙarshe 597 ce. Na roƙe shi cikin raha ya nemo mini ukun da suka rage, ya ce idan lamba nake so zai canza ma'aunin da daino ke gyara lamba da shi gwargwadon yanayin iska, daga wanda ake kira SAE zuwa wanda ake kira STD, nan take takardar ta haye 600 ba tare da motar ta ƙaru da komai ba. Ashe har wannan ma hanya ce da ake faranta wa mai mota rai da ita, haka kuma daino iri-iri ne, Dynojet takan nuna lamba sama da wasu, shi ya sa awon da ke da amfani shi ne na kafin aiki da na bayansa a kan na'ura ɗaya.

Akwai masu rubuto mini daga Kano da Abuja da Yamai suna tambaya ko za a iya yi wa mota irin wannan aiki a nan sannan a loda ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. Ana iya yi, amma ku sani saitin an ɗinka shi ne daidai da man da aka gwada da shi. Lamba 93 da ke jikin famfon Amurka ba lissafinta ɗaya da na sauran ƙasashe ba, ta yi daidai da wajen 98 a ma'aunin da ake amfani da shi a Turai. Duk wanda zai kai mota inda ba shi da tabbacin samun irin wannan mai a kullum, ya gaya wa mai saiti tun farko ya sassauta, ko da dawakai za su ragu.

Ga makulli ya miƙo mini, tare da takardar awon da kwafin saitin asali na kamfani a kan ɗan filashi, ko da wata rana zan so a mayar da ita yadda take. Ya ce saboda sabon kulocin kada in matsa mata sai na yi mil 500 na tuƙin cikin gari, sannan in dawo ya sake duba bayanan injin ba tare da ƙarin kuɗi ba. Da muka zagayo baya sai ya tsuguna ya shafa tayar da babban yatsa, ya ɗago ya tambaye ni nawa ya rage a asusuna, domin waɗannan tayoyi da wannan birki na mota mai dawakai 384 ne. Bari in kashe kyamara in ja ta a hankali zuwa gidan mai.