Fatsa Daga Kan Dutse a Bakin Tekun Ghana

Ku dubi dutsen nan da kyau. Samansa a bushe yake, amma daga tsakiya zuwa ƙasa ya yi baƙi yana sheƙi. Layin nan da ya raba busasshe da jiƙaƙƙe, shi mai fatsa a bakin teku yake fara dubawa tun bai kwance jakarsa ba. Duk inda dutse ya jiƙe, ruwa ya hau shi ɗazu, kuma zai sake hawa.

Nan gaɓar yammacin Ghana ce, gaba da Takoradi: Butre, Busua, Dixcove, har Cape Three Points, inda ƙasar ta ƙare ta kudu. Mai zuwa hutu daga zangon Kumasi ko Accra, ko baƙo daga arewa da ya saba jefa ƙugiya a dam ɗin Tiga, zai ga wurin kamar an yi shi don fatsa. Kuma da gaskiyarsa, kifi na taruwa a gindin dutse saboda ƙaguwa da ƙananan kifayen da ke ɓuya a ciki. Sai dai ruwan dam yana nan inda ka bar shi, shi kuwa teku ba ya zama wuri ɗaya.

Sau biyu yake cikowa, sau biyu yake janyewa a kwana guda. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, don haka lokacin yana ja baya da kusan minti 50 kullum. Wanda ya ga cika da ƙarfe huɗu yau, gobe sai wajen biyar saura. Wanda ke bin lissafin wata ya huta: a kwanakin tsayuwar wata da kuma 14 zuwa 16 ga wata, cikar ta fi yawa, janyewar ta fi nisa, ruwa ya fi gudu. Wajen 7 ga wata da 22 ga wata kuwa, motsin kaɗan ne. A wannan gaɓar bambancin bai cika kai mita biyu ba, amma mita ɗaya ma ta isa ta shafe 'yar hanyar da ka bi ka hau dutsen. Kuma ba a hankali yake hawa daidai-daidai ba; rabin ruwan gaba ɗaya yana shigowa ne a awa ta uku da ta huɗu. Shi ya sa ake fara zuwa wurin lokacin da ruwa ya janye, hannu rabbana, a ga inda ramuka suke, inda yashi ya ratsa tsakanin duwatsu, da hanyar komawa tudu.

Cikowa tana da jadawali a waya. Raƙuman ruwa su ne marasa alƙawari. Daga can kudancin Atlantika suke tasowa, suna iya isowa da ƙarfi ko da babu iska ko kaɗan a inda kake. Suna zuwa ne rukuni-rukuni: ƙanana na ɗan lokaci, sai manya uku ko huɗu a jere. Don haka a zauna a tudu, a kalli dutsen da ake son hawa minti 20 zuwa 30. A ƙirga daƙiƙa tsakanin raƙumi da raƙumi. In ta wuce 12, ruwan na da nauyi, zai hau sama fiye da yadda ido ke zato. Daga Yuni zuwa Agusta teku ya fi fushi. Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ya fi kwanciya, kuma shi ya fi dacewa da baƙo.

Silifas dai a bar shi a masauki. Takalmi mai igiya mai taushin ƙasa ake sawa, kuma ko da shi ba a taka inda gansakuka ta yi kore ko baƙi. Jallabiya da babbar riga in sun sha ruwa kamar buhu suke. Gajeren kaya, rigar ceto a ɗaure, mutum biyu aƙalla, fuska kullum ga teku, ko ana ɗaura ƙugiya ne. A ajiye jarka fanko mai murfi da igiya mita 20 zuwa 30 a ɗaure da ita. In wani ya faɗa, jarkar ake jefa masa, ba a bin sa. Shi kuma kada ya yi kokawar hawa dutsen da ya faɗo daga kai, nan ruwa ke maka mutum; ya matsa waje inda ruwa ya lafa, ya kwanta rigingine. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce.

To, kayan aiki. Sanda mai tsawon mita 3 zuwa 3.6, don tsawon ne ke ɗaga zare daga bakin dutse. Keken naɗe zare mai lamba 6000 zuwa 8000. Zaren roba mai kaurin milimita 0.40 ko 0.45, a ƙarshensa a ƙulla mita biyu na mai kaurin 0.70. Akwai saƙaƙƙen zaren nan siriri mai ƙarfin tsiya da masu shago ke yabo. A buɗaɗɗen ruwa ba shi da na biyu, amma da ya gogi kaifin dutse yana a miƙe, ɗas, ya tafi. Ƙugiya ɗaya tak, lamba 2/0 zuwa 4/0. Ƙugiya uku a zare ɗaya a kan dutse, hanyar maƙalewa uku ke nan.

Ga dabarar da ta fi kowace muhimmanci, ku matso ku gani. Dalma, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiya, mai giram 60 zuwa 120 gwargwadon ƙarfin ruwa, ba a ɗaure ta da zare mai kauri. Ɗan guntun siririn zare ake sa mata, kamu ɗaya, mai kaurin 0.25 ko 0.30, a ƙasan inda reshen ƙugiya ya fita. Dalili? A cikin dutse dalma ce ke fara faɗawa tsaga. In ta maƙale ka ja, siririn ne zai tsinke, ƙugiya da kifi su taho. In kuwa komai kauri ɗaya ne, a ko'ina zai iya tsinkewa, ka yi asarar duka. Tunda an san dalmar tafiya za ta yi, wasu tsohon filogin mota ko ƙaton noti suke ɗaurawa, kuma ya fi barin dalma a ruwa. Abu ɗaya: da siririn zaren nan ba a wurgi da ƙarfi, sai ya tsinke a iska, ƙarfen ya nufi kan wani. Dama ba a bukatar nisa. Mita 10 zuwa 30, a bakin farin kumfa ko kan ɗan yashin da ka gani ɗazu, nan kifin yake.

In dalma ko ƙugiya ta maƙale, kada a lanƙwasa sanda ana fizga, haka sanduna ke karyewa. A saki zare tukuna, sau da yawa ruwa da kansa ke zare ta. In ta ƙi, a miƙe sanda ta fuskanci wurin, a naɗa zaren a guntun itace, ba a hannu ba, a ja a hankali ana kau da fuska.

Abin sawa a ƙugiya kuwa, a je bakin kwale-kwale da sassafe a sayi ɗanyen sadin, ko jatan lande, ko ƙaguwa. Sadin na da mai da ƙarni, yana kiran kifi, amma yana da laushi. A fere shi tsawon yatsa, a barbaɗa gishiri awa ɗaya ya yi tauri, a naɗe shi a ƙugiya da zaren roba mai talewa, tsinin ƙugiyar a waje. Asuba da goshin magariba sun fi, musamman in sun dace da cikowa.

Wanda ya saba da tarwaɗa yakan bar kifi ya gudu ya gaji. A nan kuskure ne. Jan kifin dutse da ƙaton-bakin nan mai zama a kogo, da sun ji ƙarfe rami suke nufa, kuma daƙiƙa biyar na farko ne ke raba gardama. A ɗaure birkin keken naɗe zare tamau don kada zare ya zare, a ɗaga sanda, a naɗa ba tsayawa. Da ya iso gindin dutse, kada a sauka tarye shi. Da yawa a nan suke faɗawa. A jira raƙumi ya ɗago shi, a zame shi kan shimfiɗaɗɗen dutse, a ɗauka bayan ruwan ya koma.

Ba kowane kamu ake kai wa hannu ba. Barakuda haƙoransa irin na tsage ne, sai da guntun waya a gaban ƙugiya. Akwai mai gashin baki da ƙayoyi uku kamar kurungu, sukarsa na da dafi; ruwa mai zafi daidai jurewa ke rage raɗaɗin. Dogon nan mai kama da maciji, a yanke zare kawai. Talibambam na teku kuwa guba ne, ba a cin sa. Filaya ce ke cire ƙugiya, ba yatsa ba. Wanda za a ci a yanka shi nan take jini ya fita, a cire hanji, a sa a ƙanƙara.

A garuruwa da yawa na wannan gaɓar ba a kamun kifi ranar Talata, kuma wasu duwatsun na da alfarma a wurin mutanen gari. Kowane gari na da sarkin masunta, kamar Sarkin Ruwa a wajenmu. A je a gaishe shi, a tambaya. Bakinsa ne ma zai gaya maka wane dutse ne ruwa ke shafewa.

Da an koma masauki, a ɗauraye sanda da keke da ƙugiyoyi da ruwan famfo, yayyafi ba feshi mai ƙarfi ba, don kada gishiri ya shige ciki. A sassauta birki, a shafa yatsa a mita biyar na ƙarshen zare. Duk inda aka ji kaushi, a yanke daga nan.