Shekara ɗaya ina rubuta duk wasan poka da na yi, ga abin da littafin ya nuna min

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan littafin da kuke gani a hannuna shekara ɗaya cif kenan ina rubutu a cikinsa, duk ranar da na zauna teburin poka sai na rubuta ƙarfe nawa na zauna, ƙarfe nawa na tashi, nawa na shiga da shi nawa na fita da shi, sannan in zaɓi hannu biyu ko uku, wato zagayen wasa daga raba kati zuwa kwashe kuɗi, da suka tsaya min a rai in rubuta yadda aka yi su. Kuma tun farko bari in faɗa muku, poka in dai da kuɗi ake yinta caca ce, ba zan canja mata suna ba, ba kuma kiran kowa nake ya shigo ba. Abin da nake so ku gani shi ne yadda ƙwaƙwalwata ta riƙa faɗa min abu ɗaya takarda kuma tana faɗin wani daban.

Ga wanda bai san wasan ba, irin wanda na fi yi shi ne Texas Hold'em. Kati 52 ne, kowa a ba shi biyu a rufe, sai a buɗe guda biyar a tsakiya na kowa da kowa, uku a tare, sannan ɗaya, sannan na ƙarshe, tsakanin kowace buɗewa ana zuba kuɗi, wanda bai gamsu da katinsa ba ya ajiye ya fita. Shi kenan.

To ku duba wannan shafin, watan farko ne. Na riƙe kati biyu masu alamar zuciya, a tsakiya akwai wasu biyu masu zuciya, saura kati ɗaya a buɗe, in zuciya ta fito na haɗa biyar iri ɗaya na ci. A tsakiya akwai cips 100, wato ƴan kwabban roba da ake zubawa a madadin kuɗi, mutumin da ke gabana ya tura 50, ni ma na tura 50 ban ko tsaya tunani ba, aka buɗe, zuciya ta fito, na kwashe. Ga abin da na rubuta da hannuna a daren nan: yau na yi wasa mai kyau. Har da layi na ja a ƙasa.

Bayan kamar wata uku na dawo kan shafin na zauna da biro na yi lissafi. Katin da ban gani ba 46 ne, tunda biyu na hannuna huɗu na tsakiya. Masu zuciya 13 ne gaba ɗaya, huɗu sun riga sun fito, saura tara. Tara cikin 46 bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Ni kuma na sa 50 don in ci 150, wato sai in riƙa ci sau ɗaya cikin huɗu, kashi 25 kenan, kafin ma in tashi ba riba ba asara. Kun ga kenan shawarar da na yanke ba daidai ba ce, katin ne kawai ya rufa min asiri, in na maimaita irinta sau ɗari kuɗi na ne zai tafi. Amma da yake na ci, sai na rubuta wa kaina yabo, kuma da ba don takardar nan ba har yau da ina nan ina ba wa mutane labarin a matsayin gwaninta.

Yanzu ga kishiyarsa. Wannan shafin na samu as biyu, wato kati masu harafin A, babu hannun farko da ya fi shi a wasan nan, kuma ba ya zuwa da yawa, cikin hanyoyi 1,326 da za a iya raba maka kati biyu shida ne kawai ke ba ka as biyu, sau ɗaya cikin 221 kenan, a tebur na zahiri inda ake raba kamar hannu 30 a awa sai ka yi sama da awa bakwai a zaune kafin ka gan shi. Na tura duk abin da ke gabana, wani ya biyo ni da sarki biyu, aka buɗe tsakiya sai ga sarki na uku. Na tashi zuciyata na tafasa na rubuta cewa na yi gaggawa, da na bi a hankali. Alhali as biyu kan sarki biyu yana ci kusan kashi 82 cikin ɗari, ragowar 18 ɗin dole wata rana ta faɗo kan wani, ranar nan ni ta faɗo wa. Babu kuskure ko ɗaya a wurin. Daga nan ne na raba shafi gida biyu, gefe ɗaya in rubuta ko shawarar ta yi daidai da abin da na sani a lokacin, ɗaya gefen in rubuta sakamako, kuma na hana kaina cika gefen sakamako sai na gama na farko.

Sai maganar da ta fi yi min nauyi, wai shin shekara ɗaya ta isa in san ko na iya wasan? A 2017 masana a jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka sun haɗa wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus da ƙwararrun ƴan wasa huɗu a birnin Pittsburgh, kwana 20 ana bugawa, hannu 120,000 aka yi, kuma dalilin yawan nan shi ne don kar a ce sa'a ce ta ba ta nasara. To ni fa? Ko da a ce awa goma nake yi duk sati ba fashi, hannu 30 a awa, sati 52, abin da zan samu 15,600 ne. Wato duk littafin nan da na cika bai kai kashi ɗaya cikin bakwai na abin da suka buƙata ba. Don haka in wani ya ce muku ya yi wata biyu yana ci saboda haka ya gano sirrin wasan, wallahi bai san komai ba tukuna game da kansa, ni ma da shekara guda ban sani ba.

Kuma labarin da ke jan mutane ciki kusan guda ɗaya ne. Chris Moneymaker, akanta daga jihar Tennessee, ya samu kujera ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya je Las Vegas a 2003 ya lashe babbar gasar duniya cikin mutum 839, ya tafi da dala miliyan 2.5. Gaskiya ne ya faru. Sai dai kujera ɗaya a gasar nan dala 10,000 ce, kuma mafi yawan sauran 838 ɗin ko sisi ba su koma da shi gida ba, su babu mai ba da labarinsu.

Akwai kuma kamasho, wanda sai da na kai wata shida kafin na fara rubuta shi. Gidan wasa yana cire wani abu daga kuɗin tsakiya kusan kowane hannu. Mu ɗauka misali mutum shida kowa ya zo da cips 1,000, gida na cire biyar a hannu, a awa ɗaya 150 kenan, a awa huɗu 600, kashi goma na duk kuɗin da ke teburin ya bar teburin ba wanda ya ci shi a cikinku. Ma'ana ko kun yi kunnen doki wajen iyawa, dukkanku asara kuke, sai ka fi sauran da tazara mai kyau kafin ma ka dawo daidai.

Amma shafukan da suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda rubutuna ya lalace a cikinsu. Ku duba nan, haruffan sun karkace, babu lissafi, babu bayanin hannu, lamba ce kawai da alamar ragi a gabanta. Duk irin waɗannan daren abu ɗaya ne ya faru, na yi asara da wuri, na ce sai na rama kafin in tashi, na fara shiga da katin da da rana tsaka ba zan ko kalle shi ba, ina burga a inda kowa ya san burga ce. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba mai girma ɗaya ƙarfi a zuciyar ɗan Adam, kuma mutumin da yake cikin asara ya fi yarda ya yi kasada don ya fita. Na san wannan tun kafin in sayi littafin, sanin bai tashe ni daga kujera ba ko sau ɗaya. Da na tara asarar shekarar gaba ɗaya sai na ga mafi yawanta daga ƴan dararen nan ta fito, kuma kusan duk bayan lokacin da na yi niyyar tashi ya wuce.

Shi ya sa nake yawan tuna Stu Ungar. Mutumin nan ya lashe babbar gasar duniya sau uku, 1980 da 1981 da 1997, da yawa suna ganin ba a taɓa yin mai kaifin ƙwaƙwalwarsa a kati ba, amma a ƙarshen 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas yana da shekara 45, kusan ba shi da komai, caca a wasu fannoni da ƙwaya sun cinye abin da ya tara. Abin yana taɓa ni sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtuka, kuma bin asara don a rama na daga cikin alamomin da likitoci ke dubawa, to da na ga hakan a rubutuna ban ɗauke shi wasa ba, na nuna wa wani na kusa da ni shafukan na ce ya karanta.

Shi ne ma ya ba ni shawarar abin da kuke gani a sabon littafin nan. Kafin in fita nake rubuta lokacin tashi da iyakar abin da zan iya rasawa, in ɗauki hoton shafin in tura masa, in na dawo in sake tura masa. Na kuma buɗe wani shafi a baya na ranakun da na ji ina son zuwa amma ban je ba, da abin da ya sa nake son zuwan. Ga na wannan satin nan, sau biyu ne, kuma duka biyun dalilin da na rubuta shi ne raina a ɓace yake.