Yadda Ake Yi wa Jita Ƙawanya da Layin Ado

Jama'a, assalamu alaikum. Ku matso ku dubi bakin jitar nan da kyau, daidai inda fuskarta ta haɗu da gefe. Kun ga wannan siririn katako da ya zagaye ta? Ita ce ƙawanya. Layukan baƙi da fari da ke kwance a cikinta kuma su ne layin ado.

Mutane da yawa na ɗauka kwalliya ce kawai. Aikinta irin na kalmasar bakin zane ne. Katakon fuskar jita bai wuce kaurin milimita 3 ba, kuma ta bakinsa yake shan laima, ta nan yake fitar da ita. A nan Bauchi, inda damina ke kumbura katako, hunturu ya zo ya busar da shi ƙayau, baki in ba a rufe ba tsagewa zai yi. Ga kuma bugu da jikin ƙofa ko kujera.

Aikin duka a yankan gurbi yake. Matakala biyu ake yankawa a bakin: ta waje mai zurfi, wajen milimita 6, inda ƙawanya za ta zauna, sai ta ciki marar zurfi don layin ado. Ta cikin nan kada ta huda fuskar, rabin kaurinta ya isa. Masu injin rauta, wato injin yankan gurbi a katako, a gwada a kan guntun katako tukuna. A kula sosai a wuraren da jikin ya fi faɗi, don a nan bakin injin ke cin karo da jijiyar katako, ya ɓantare ta. Dabarar ita ce a fara tsaga layi da wuƙa mai kaifi, sannan a ci kaɗan-kaɗan. Bayan jita kuma, wanda shi ma ake yi wa ƙawanya, ba a miƙe yake ba, yana da ɗan doro, saboda haka da gefe ake daidaita injin. Wanda ba shi da inji, ko wuta ta ƙi zuwa, wuƙa da cizal sun wadatar. Haka magabatan wannan sana'a a Sifen suka yi, sai dai hannu zai gaya maka.

Ni dai na fi son ƙawanyar katako a kan ta roba. Madobiya ko maɗaci, in ka samu busasshe a wajen 'yan katako, ka fere shi kaurin kusan milimita 2. A ɗan jiƙa shi, a lanƙwasa a jikin bututun ƙarfe mai zafi, a hankali, har ya ɗauki siffar ƙugun jitar. Ta roba ba ta jin farin gam na kafintoci, sai gam mai narkar da ita.

Af, akwai wani layin ado mai kama da ƙashin kifi, kamfanin ƙera jita na Martin da ke Amurka ne ya yi suna da shi. Sun daina sa shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai a 1976 suka dawo da shi a samfurin HD-28.

To, a gwada komai ba gam tukuna. In ya zauna daram, a fara shafa gam daga ƙugu, domin nan ne ke gardama. Taƙi ɗaya-ɗaya ake bi, musamman da hunturu da gam ke bushewa kafin ka juya. Layin ado ya shiga, ƙawanya ta biyo, a danne da babban yatsa, a ja salatif da ƙarfi. Sannan a naɗe jikin da igiya ko robar tsohon tib na babur, a bar shi ya kwana.

Washegari a ɓare salatif a kwance, kada ya tsinko jijiyar fuskar. Abin da ya ɗaro sama a kankare shi da ƙarfen kankara, ban da samfefa, don ƙurar baƙin layi tana ɓata farin katako. Inda ƙaramar kafa ta rage, garin katakon ƙawanyar da ɗigon gam ya toshe ta.