Sikelin da ya ce min shekaruna 47

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Birmingham, ƙarfe bakwai saura kuma har yanzu gari bai gama wayewa ba, sanyi kuwa ba a magana. Ku yi haƙuri yau a ƙofar banɗaki na kafa kyamara, dalili wannan abin da kuke gani a ƙasa. Sikeli ne, amma ba irin na da ba, wannan wai har kitsen jikinka yake aunawa, da tsoka, da ruwa, da nauyin ƙashi, ya tura maka komai a waya ta Bluetooth. Fam 25 na saye shi wata uku da suka wuce, bayan uwargida ta kalli tumbina ta ce Baban Abba wannan fa ba na hutu ba ne, na biredi da cin dare ne.

Ranar farko da na hau, ya nuna nauyina a stone, don Turawan Ingila da shi suke lissafi, stone ɗaya kilo 6.35 ne, sai da na juya shi na mayar kilo tukuna na gane inda na dosa. Kilo 88. Toh wannan ban yi musu ba, don daidai yake da abin da aka auna ni a asibiti. Sai manhajar ta ce kitse kashi 28 cikin ɗari, sannan wai shekarun jikina 47. Ni da nake 34! Madam ta yi dariya har da riƙe ciki, kwana biyu tana ce min Alhaji Baba.

Abin ya tsaya min a rai shi ya sa na bi diddigi. Kun ga waɗannan ƙarafan guda huɗu da ake takawa? Wata 'yar wutar lantarki ce ƙarama sosai, ba ka ma jin ta, take shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Tsoka cike take da ruwa, wajen kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, saboda haka wuta tana wucewa salin alin, shi kuwa kitse ruwansa kaɗan ne sai ya riƙa tare ta. Iya abin da sikelin yake aunawa ke nan, yadda jiki ya tare wutar, sai nauyi. Sauran duk lissafi ne, ya haɗa da tsawonka da shekarunka da ko kai namiji ne ko mace, waɗanda kai ka rubuta masa da hannunka, ya yi kirdado. Kamfanin Tanita na Japan ne ya fara fito da irinsa a farkon shekarun 1990, yanzu kowa yana yi, su Omron, Renpho, Xiaomi, da Withings na Faransa wanda babban nasu ya haura fam 300.

Kuma ku lura da wani abu, wutar nan gajeriyar hanya take bi, ta hau ƙafar dama ta ratsa ƙugu ta sauka ta hagu. Wato tumbin da aka sayi sikelin dominsa, kusan ko gaisawa ba su yi. Ai ka ji.

Sai na ce bari in gwada shi da kaina. Da safe bayan na fito daga bayi, 28. Da yamma na dawo daga aiki bayan tsayuwar awa takwas a sito, ƙafafu sun tara ruwa, ya ce 25 da ɗoriya. A yini ɗaya wai na zubar da kitse kusan kilo biyu alhali shinkafa da miya na ci da rana har da ƙari. Na jiƙa tafin ƙafa na hau, lamba ta sauya. Na shiga manhajar na danna wajen da ake cewa kai ɗan wasan motsa jiki ne, nan take kitsen ya faɗo ƙasa da 20, ban ko ɗaga ƙafa daga inda nake ba. Na rage shekaruna a ciki, shekarun jikin ma suka ragu. Nauyin ƙashi kuwa kar ma ku wahalar da kanku, sikeli ba ya ganin ƙashi, ƙiyasi ne kawai.

Wanda ya fi ba ni dariya ranar da na yi azumin Litinin. Dab da magariba na hau, nauyi ya ragu amma kitse ya ƙaru, saboda jiki ya bushe wutar tana shan wahalar wucewa, shi kuma a tunaninsa kitse ne ya tare ta. Toh ku yi tunanin mai hawa kullum a watan Ramadan, musamman a nan idan azumi ya faɗo lokacin zafi ana yin awa 18, ai sai ya ɗauka azumin ƙiba yake sa shi. Masu kaushi da faso a ƙafa ma, irin namu da muka taso muna yawo da silifa, busasshiyar fatar tana iya rikita shi. Kuma kar a ɗora shi a kan kafet, nan nauyin ma kansa ƙarya zai yi, a nemi tayil ko daɓe mai tauri.

Ba ni kaɗai na gani ba. A 2021 likitoci a wani asibiti a Paris sun gwada irin waɗannan sikeli guda uku da na'urar DEXA, wadda ake kwantar da mutum a haska jikinsa gaba ɗaya, ita ce masana suka fi yarda da ita. Abin da suka samu, wajen nauyi sikelin suna daidai, wajen kitse da tsoka kuwa kuskuren ya kai na kilo da yawa. Na wurin motsa jiki irin InBody masu mariƙin hannu sun fi dama dama don wutar tana ratsa hannu da gangar jiki, amma su ma ruwan jikinka yana juya su.

Wani abu da ba wasa a ciki, duk wanda aka sa wa batirin zuciya kar ya hau, a takardar cikin kwalin ma an rubuta. Mai juna biyu ita ma ta kashe ɓangaren wutar ta auna nauyi kawai.

Yanzu ku ga abin da na koma yi. Wannan tef ɗin tela ne, fam ɗaya. Hukumar NICE mai ba likitocin Ingila shawara ta ce awon zagayen ƙugunka kar ya kai rabin tsawonka. Ni santimita 176 ne, ke nan kar in kai 88, da na zagaya tef ɗin tsakanin ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, na saki numfashi ban matse ciki ba, 97 na gani. Kuma sun ce mu baƙar fata haɗarin ciwon suga yana fara mana da wuri, BMI, wato lissafin nauyin mutum gwargwadon tsawonsa, idan ya kai 23 an fara lissafa mu cikin masu ƙiba, ba 25 irin na Turawa ba. Telana na Kano ma da na aika masa awon kayan sallah cewa ya yi yallaɓai Ingila ta karɓe ka, na ƙara inci uku a wando.

Masu tambaya ko su saya, ni dai idan kana da sikeli na yau da kullum ban ga dalilin ƙara kuɗi ba. In ba ka da shi, ɗauki mai arha don yana ajiye maka tarihin nauyi a waya, wannan kam na ji daɗinsa. Ina hawa ranar Juma'a kawai, da safe kafin in ci ko in sha, wuri ɗaya, in duba inda layin ya nufa a wata biyu uku, lambar kitsen ta yau kuwa kallon ta kawai nake. Na fam 300 ɗin nan ko an ce in biya rabin kuɗin ba zan saya ba.

Bari in hau ku gani. 86.4, alhamdulillah an ɗan motsa. Shekarun jiki kuma 46, wato wata uku ina tafiyar ƙafa zuwa tashar bas ya rage min shekara ɗaya tal. Madam ga shi can tana kira shayi zai huce, kuma na ji ƙamshin wainar ƙwai, sai mun haɗu.